Yadda za ka koya wa 'yan sakandare kalmomin nazarin harshe ba tare da haddar aku ba

Malam, in ka shiga aji don Allah kar ka fara da cika allo da ma'anoni. Na ga yara da yawa a nan Zariya sun haddace cewa aikatau kalma ce mai nuna aiki amma ka ba su jimla ɗaya su ciro shi sai su yi ta kallonka, abin na damuna wallahi.

Ka fara da maganar da yaro ya zo da ita daga gida. Ce wa ɗaya ya faɗi abin da ya gani a hanyarsa ta zuwa, in ya ce ɗan acaɓa ya kaɗe akuya a Kwangila to ka rubuta haka. Tambaye su wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa. Sai sun gano da kansu sannan ka ce wannan suna ne, wannan aikatau, wannan ƙaramar "ya" ɗin wakilin suna ce. Sunan abu yana zuwa ne bayan an ga abin.

Karin sauti kuwa, wato hawa da saukar murya a kalma, baki ke koyar da shi. Rubuta "kuka" ka ce su karanta, wani zai faɗi na jariri wani na miya, shi kenan darasi ya zo da ƙafarsa. Haka "fara", akwai ta ci da yaji, akwai launi, akwai fara aiki, nan ma za su ji bambancin dogon wasali da gajere.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne adon harshe, musamman kamantawa da siffantawa. Ka nuna musu alama: in akwai "kamar" ko "tamkar", kamantawa ce, Audu kamar zaki yake. In an cire ta an ce Audu zaki ne, an siffanta. Kasuwar Sabon Gari ta yi barci, mutuntarwa kenan, wato an ba abu halin mutum. Kar ka haɗa su duka rana ɗaya, biyu sun isa.

Jigo da salo ma haka, jigo me aka faɗa, salo ta yaya aka faɗa. Ba su baiti ɗaya na waƙa su ƙirga ɗango, wato layukan baitin, su nemo amsa-amo, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layuka, don irin abin da WAEC da NECO ke tambaya kenan.

Kowa ya ware shafi biyar a bayan littafinsa, kalma a hagu, misalinsa na kansa a dama, ba naka ba. Ran Juma'a ka karɓa ka duba.