Jiri da haraswa cikin mota: abinda ya kamata ka yi, musamman in kai ne direba

Wanga lalura na san ta sosai. Ƙanwata tun tana ƙarama in munka tashi tahiya Gusau, kahin mu wuce Dange ta fara zufa mai sanyi, miyau na taruwa ga baki, sai haraswa. Mutanen cikin mota su riƙa faɗin shagwaɓa ce ko ƙauyanci, wallahi abin na yi min zahi saboda yarinyar wahala ce take sha ta gaske.

Asalin abin rikici ne tsakanin ido da kunne. Can cikin kunne akwai wasu 'yan hanyoyi masu ruwa, su ka gaya ma ƙwaƙwalwa jiki na motsi ko yana tsaye. To kai kana kujerar baya ka duƙa kan waya kana kallon TikTok, ido na cewa zaune kake wuri guda, kunne kuma na cewa a'a ana girgiza ana shan kwana ana faɗawa ramu, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, zuciya ta fara tashi. Yara daga shekara 2 zuwa 12 sun fi kamuwa, sai mata masu ciki da masu ciwon kai na ɓari guda.

Don haka abu na farko aje wayar nan. In da hali ka biya kuɗin gaba, ka kai idonka nesa kan titi inda motar ta dosa, kada ka riƙa bin itatuwan gefe da ido suna wucewa. Jingina kai da kujera kada shi riƙa lilo. In baya ka samu, irin bayan Sharon ɗin nan da anka cusa mutum huɗu ga kaya ga jarkar fetur na wari, roƙi a ba ka bakin taga ka sauke gilas, ko ka rufe ido ka yi ƙoƙarin barci.

Batun abinci mutane na kuskure ta gefe biyu. Wani shi cika ciki da masa mai maiƙo da tsire da fura don wai tahiya da nisa, wani kuma shi ƙi cin komai don tsoron haraswa, duka ba daidai ba ne. Ci kaɗan mara maiƙo kamar biredi ko biskit, ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan, dama zahin Sakkwato ga watan Afrilu na wuce digiri 40, ƙishirwa kaɗai ta isa ta ƙara ma jiri. Citta na taimaka ma wasu, ka tauna ɗan guntu ko ka sha shayinta kahin ku tashi. Kuma ka riƙe leda da ɗan tsumma, ba abin kunya ba ne.

Akwai magani a kemis, Stugeron ko Avomine, amma tun kahin tahiya ake sha, Stugeron kamar awa 2 kahin shiga mota, in ka bari sai zuciya ta tashi ka makara. Mai ciki da ƙaramin yaro sai an tambayi likita tukun, Avomine ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba ko kaɗan.

Yanzu ga inda na fi son a saurare ni. Magungunan nan suna sa barci, direba kada ka kuskura ka sha ka kama sitiyari, rayukan mutane ne hannunka. Kuma direba dama bai cika yin jirin mota ba, tunda shi ka taka birki shi ka shan kwana, jikinshi ya san abinda ke zuwa. To in kai ke tuƙi kuma ka ji kai na juyawa, kada ka ce bari in lallaɓa in kai Tambuwal ko Talata Mafara. Sa sigina ka gangara gefe inda akwai mutane, kashe mota, hito ka sha iska ka wanke fuska, in akwai wani direba ka miƙa mashi makulli. Yana iya zama yunwa ko rashin barci ko sugan jini ya sauka, ko hawan jini, ko ido ne ke buƙatar tabarau.

Sannan ka duba salansa. In ta huje, hayaƙi na shigowa cikin mota, kuma gubar da ke cikinshi ba ta da wari ba ta da kala, sai dai ciwon kai da jiri da kasala, tana kisa. In ka ga kai da fasinjoji duk kanku na ciwo lokaci guda, barin ma gilas na rufe an kunna AC, ku hita daga motar nan take, kada ka sake ɗaukar kowa sai makanike ya duba ta. In kuma jirin ya zo da ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, a wuce da kai asibiti kai tsaye, wani ne zai tuƙa.