Yadda Ake Renon Tumatir a Cikin Ɗaki Kafin Dasawa

Ana fara renon tumatir mako 6 zuwa 8 kafin ranar da za a dasa shi a lambu. In aka shuka da wuri fiye da haka, tsiron zai fi ƙarfin mazubinsa tun lokacin dashe bai yi ba.

Nemi ƙananan kofunan roba, ka huda gindin kowanne wuri uku ko huɗu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kada ka ɗebo ƙasar lambu haka kawai, domin takan dunƙule ta yi tauri a cikin kofi, kuma sau da yawa tana ɗauke da cuta. Ƙasar reno ta buhu ta fi dacewa. In babu, tankaɗe takin da ya gama ruɓewa, ka gauraya da yashi mai tsabta. Jiƙa ta tun kafin ka zuba, ta yadda in ka matse a hannu za ta dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba.

Sa ƙwaya biyu a kowane kofi, zurfin rabin santimita, ka rufe sama-sama. Lulluɓe da leda, ka ajiye a wuri mai ɗumi, digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Celsius. Cikin kwana 5 zuwa 10 zai tsiro. Ranar da ka ga tsiro na farko, ranar za ka yaye ledar.

Daga nan haske ne kan gaba, kuma a nan yawancin sababbin masu lambu suke asara. Tsiron tumatir yana buƙatar haske na awa 14 zuwa 16 kullum, taga kuwa ba ta cika bayar da haka ba. Idan haske ya gaza, sai ka ga karan ya yi tsawo, siriri, fari-fari, ya karkata wajen taga har ya kwanta. Maganinsa fitilar LED a rataye santimita 5 zuwa 10 bisa ganyen, ana ɗaga ta yayin da yake girma, ana kashewa da dare. Wanda taga kaɗai gare shi ya zaɓi wadda rana ta fi daɗewa a kanta, ya riƙa juya kofunan kowace rana. A rage ɗumin ma zuwa digiri 18 zuwa 21, domin zafi da ƙarancin haske tare suke sa kara ya zama lange-lange.

Sai ruwa. Yawansa ya fi ƙarancinsa kisa. Taɓa saman ƙasar da yatsa. In da danshi, ƙyale shi. In ta bushe, jera kofunan a faranti mai ruwa kaɗan na minti 15 su sha ta ƙasa, sannan ka zubar da ragowar. Ƙasar da ba ta rabuwa da laima tana haifar da fumfunar da ke cin kara daidai inda ya haɗu da ƙasa: wurin ya tsuke, tsiron ya faɗi. Wanda ya kamu ba ya tashi, a cire shi nan take. Ƙaramar fanka mai kaɗawa a hankali tana rage wannan, tana kuma ƙarfafa kara.

Ganye biyun farko na ƙwayar iri ne. Idan ganyen gaske masu tsaga-tsaga suka fito, yanke tsiro mai rauni da almakashi, kada ka tuge shi, don saiwoyinsu a sarƙe suke. Yanzu ne za a fara ba da takin ruwa, rubu'in ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a mako.

Da ganyen gaske sun kai huɗu, mayar da shi kofi mafi girma. Riƙe ta ganye, ba ta kara ba, ka binne karan har kusa da ganyen ƙasa, domin tumatir yana fitar da sababbin saiwoyi a duk inda ƙasa ta rufe karansa.

Kafin dashe, a saba masa da waje na kwana 7 zuwa 10: awa ɗaya ko biyu a inuwa ranar farko, ana ƙara lokaci da rana kaɗan-kaɗan. Tsiron da aka fitar kai tsaye ganyensa yakan ƙone ya yi fari. A dasa da yamma, bayan sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10, a ba shi ruwa sosai a take.