Yadda ake gano matsalar montaj, wato haɗa bidiyo, idan allo ya yi baƙi ko bidiyo ya ƙi fita

A Yamai, daga ƙananan sutudiyon Bukoki har zuwa yaron da ke haɗa bidiyon biki a ɗakinsa a Talaje, da zarar allon manhaja ya yi baƙi ko aiki ya tsaya a tsakiyar fitar da bidiyon da aka gama haɗawa, shawarar da ake fara bayarwa ita ce a goge kwamfuta a sake zuba Windows. Don Allah kada ka fara da wannan. Yini guda yake ci, wani lokaci ya tafi da aikin mutane, kuma sau da yawa matsalar tana dawowa, domin tun asali ba a nan take ba. Wuri uku take ɓuya: cikin fayil ɗin da aka kawo maka, cikin manhaja da katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, ko a inda kake ajiye abin da ka fitar. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana taɓa abu guda a kowane gwaji, don ka san wanne ya yi magani.

Da farko, tuhumi fayil ɗin

Nan ne zan fi tsayawa, domin yawancin hotunan biki da na suna yanzu daga salular dangi suke zuwa, kowace da irin nata ɗauka. Buɗe bidiyon a VLC, manhajar kallon bidiyo. In ya ƙi tafiya a can ma, mai yiwuwa ya lalace ne wajen kwafa, sai ka koma ga mai salula ko ga katin kyamara ka sake ɗaukowa. In ya tafi lafiya a VLC amma ya ƙi a manhajar montaj, Premiere Pro ko DaVinci Resolve, buɗe shi a MediaInfo, wata ƴar manhaja ta kyauta, ka duba abu uku.

Na ɗaya, tsarin matse hoton. Tun 2017 iPhone ke ɗauka da HEVC, wanda ake kira H.265, kuma salulolin Android da dama sun bi sahu. Yana rage nauyin fayil, amma tsohuwar kwamfuta tana shan wahalar warware shi: hoto ya riƙa sarƙewa, ko ka ji murya allo kuwa baƙi ƙirin.

Na biyu, yawan hotuna a sakan. Kyamarar aiki in ta ce 25, to 25 ne daga fari har ƙarshe. Salula kuwa takan rage ta ƙara, musamman in haske ya yi ƙasa da daddare. MediaInfo zai rubuta maka "Variable". Wannan ne ke sa a farkon bidiyo bakin maroƙi da muryarsa su yi daidai, bayan minti ashirin kuma murya ta riga baki. Jan layin sauti da hannu ba ya gyara shi, don ka gyara nan ya goce can.

Na uku, HDR, wato ɗauka mai faɗin haske da launi fiye da na yau da kullum. Daga iPhone 12 na 2020 zuwa sama, salular tana ɗaukar HDR in ba a kashe shi ba. A fuskarta launi ya yi kyau, amma in ka ɗora shi kan aikin da ke tsarin launi na yau da kullum, Rec.709, farar shaddar ango ta ƙone fat, fuskoki su koɗe.

Dukansu uku magani ɗaya ne: ka juya fayil ɗin da HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, kafin ya shiga montaj. Zaɓi H.264, sa hotuna 25 ko 30 a sakan gwargwadon aikinka, danna "Constant Framerate", ka bar inganci tsakanin RF 18 da 20. In na HDR ne, a ɓangaren tacewa ka mayar da launi BT.709, wato Rec.709 ɗin nan. Ka ajiye na asalin, kada ka goge. Kuma tun kafin ranar biki ka roƙi masu iPhone su shiga saitin kyamara su zaɓi "Le plus compatible", su kashe HDR.

Akwai wata ƙyaftawa da ake ɗora wa manhaja laifinta alhali ba ruwanta. Kuran ɗin Nijar 50 Hz ne, salula kuwa 30 ko 60 take ɗauka, shi ya sa a ƙarƙashin wasu fitilun zauren biki kake ganin ratsi yana yawo a hoto. Ɗauka a 25 ko 50 ne rigakafinsa. In an riga an ɗauka, sai dai a rage shi.

Jan allo mai cewa "Média hors ligne"

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Manhaja ba ta haɗiye bidiyonka, adireshinsa kawai take riƙewa. Ka canja sunan jakar fayil, ko Windows ta ba diskin waje harafin F maimakon E na jiya, sai ta rasa shi. Danna dama a kan fayil ɗin, zaɓi sake haɗawa, nuna mata guda ɗaya, galibi za ta gano sauran da kanta. Ka saba da tara kayan kowane aiki a jaka ɗaya kafin ka fara yanka.

In fayil lafiya lau ne amma allo baƙi ne ko kore

Yanzu ne za ka waiwayi katin hoto. Fara da share tarkacen da manhaja ke tarawa, wato kash, ka rufe ta ka sake buɗewa. In bai yi ba, sabunta direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel kai tsaye. Mai NVIDIA ya ɗauki na Studio, ya bar na masu wasa. In kuwa matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, koma wa tsohon direban. A Premiere, in irin da kake da ita tana da zaɓin Mercury na manhaja zalla a saitin aiki, wanda ba ya amfani da katin hoto, gwada shi: in hoto ya dawo, ka kama mai laifi.

Sarƙewar hoto ba lalacewa ba ce, nauyi ne ya yi wa na'ura yawa. Rage kyan allon kallo zuwa rabi ko kwata, ko ka yi furoksi, wato ƙananan kwafi marasa nauyi da za ka yanka da su. Wajen fitarwa manhaja tana komawa ga na asali, inganci ba ya raguwa.

In fitarwa ta tsaya

Kada ka sake dannawa kana fatan sa'a. Duba inda ta tsaya. Saƙon kuskuren Premiere yakan faɗi minti da sakan ɗin. In kullum wuri ɗaya ne, je can: za ka tarar da hoto mai girman gaske, ko wani ado mai nauyi, ko guntun da ya lalace. Cire adon, rage hoton, ka fitar da minti ɗayan nan kaɗai ka gani. A CapCut, ado ɗaya mai tambarin Pro ya isa ya hana wanda bai biya ba fitarwa. In babu abin zargi a wurin, mayar da matsewa daga katin hoto zuwa "Encodage logiciel", wato matsewa da manhaja zalla. Ya fi jinkiri, amma ya fi kai wa ƙarshe.

In kuwa wurin tsayawar yana canjawa, ko kwamfuta ta mutu ɗungurungum, zafi ne ko kuran. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fankar na'ura. Sa a hure ta, ɗaga ta daga kan katifa, bar caja a jone, ka fitar da dogon aiki da dare ko da asuba. Mai kwamfutar tebur ya nemi ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke. Bikin awa biyu kuma ka raba shi kashi-kashi, don in wuta ta ɗauke, kashi ɗaya kaɗai za ka maimaita.

Sai wurin ajiya. Ka fitar a diskin cikin kwamfuta wanda ke da sarari, daga baya ka kwafa. Kilen USB mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, ko da shi kansa giga 32 ne. Lissafin ba wuya: awa guda a 8 Mbps, wato nauyin bidiyo a kowace sakan, abin da YouTube ke ba da shawara ga 1080p, kusan giga 3.6 ne, a 10 Mbps kuwa 4.5. Za ka iya mayar da kilen exFAT, bayan ka kwashe abin da ke ciki domin formataj yana share komai, sai dai wasu tsofaffin tele ba sa karanta shi. Ga gidan amaryar da ba ka san telensu ba, MP4 mai H.264 da sautin AAC, ƙasa da giga 4, shi ne ba ya ba da kunya.

Kafin ka kira mai aiki, kalli fari da tsakiya da ƙarshen bidiyon a VLC, sannan a salula, in da hali a tele. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin "Document", wanda ke ɗaukar har giga 2 ba tare da ya matse hoton ba.