Yadda Ake Auna Dalma Da Sarrafa Iska A Busasshiyar Rigar Nutso

Ƴan Damagaram masu nutso da tulun iska ba su da yawa, amma akwai masu aikin ceto da ke shiga tabkuna idan damina ta cika su, akwai kuma matasan da karatu ko aiki ya kai Faransa, inda sanyin ruwa ke tilasta wa mutum busasshiyar riga, wadda ke rufe jiki ruf daga wuya har ƙafa, ruwa ba ya shiga cikinta sai iskar da mai nutso ya hura mata. Kusan duk sabon shiga da na gani, ciwonsa ɗaya ne: dalma, wato curin nauyin da mai nutso ke ɗaurawa a jiki don ya iya nutsewa, ta yi masa yawa. Ba zan tsaya kan saka rigar da rufe zif ba, wannan aikin malaminka ne, kuma kada ka soma shiga ruwa da ita sai yana tsaye a kanka.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya shiga ruwa, ya ga ya ƙi nutsewa, sai ya ce a ƙara masa kilo biyu, can a ƙara biyu. Ya nutse kam. To amma kowane kilo ɗaya da ya wuce kima sai ya hura lita ɗaya ta iska kafin ya ɗauke shi. Kilo huɗu, lita huɗu ke nan suna kai da komo cikin riga, kamar rabin jarkar ruwa a bayan kabu-kabu, duk inda ka karkata nan za ta bi. Matsin ruwa a zurfin mita 10 ninki biyu ne na wanda ke sama, saboda haka in daga can ka taso, lita huɗun nan za su kumbura su zama takwas kafin ka fito. Shi ya sa za ka ga mutum ya taso mita biyu kawai, sai ga shi ya wuce sama ba birki.

Ka fara da kayan ciki. Su ne ke riƙe iska, su ne ke yanke yawan dalmarka. Ka yi awo da ainihin waɗanda za ka shiga ruwa da su, ranar da ka canza su kuma ka sake awo. Ban yarda da auduga ba ko kaɗan: tana shan zufa ta riƙe, ta sanyaya ka. Da zafin garin nan ma kada ka rufe zif sai kana bakin ruwa, don mutum na iya galabaita cikin rigar tun bai jiƙa ƙafa ba.

Bayan ka rufe, buɗe bawul ɗin kafaɗar hagu, wato kafar da iska ke fita daga rigar, gaba ɗaya, ka tsuguna, ka rungume gwiwoyinka har iska ta fita. Yawancin masu cewa ba sa nutsewa, wannan ne ba su yi ba.

Yanzu awon kansa, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka, ɗan'uwa. Kada ka auna da cikakken tulu. Iska tana da nauyi: tulu mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) yana ɗauke da kusan kilo uku na iska, kana shaƙa kana rage nauyi. Ka auna lokacin da tulun ya sauko bar 50. Shiga ruwa marar zurfi, fitar da duk iskar falmaran, wato ƴar rigar da ake ɗorawa a sama ana hura mata iska don ta ɗaga mutum a ruwa, ɗaga kafaɗar hagu riga ta saki tata, ka tsaya cik, ban da kaɗa ƙafa. Da numfashi na yau da kullum ruwa ya tsaya maka daidai ido. Ka saki numfashin, ka soma sauka a hankali. In ka faɗa kamar dutse, cire kilo ɗaya ka sake. Ɗaya ɗaya, ba biyu biyu ba. Sa'an nan ka gwada tsayawa a mita 5 na minti uku, falmaran babu iska, riga kuma da ƴar iskar da za ta hana ta tsunkule ka. In ka tsaya ba tare da kokawa ba, awonka ke nan, rubuta shi tare da irin tulun da kayan cikin. Tulun alminiyom yana neman dalma fiye da na ƙarfe, ruwan teku kuma yana neman ƙarin kilo biyu zuwa uku a kan abin da ka auna a ruwan daɗi.

Dalmar kanti tana da tsada, na sani, shi ya sa wasu ke kai tsohon batir a narka musu. Hayaƙinta guba ne, bai kamata a yi wannan a cikin gida kusa da yara ba. In ka sayi narkakkiya, ɗora kowane curi a sikeli, ko da na mai shago ne a kasuwar Dole, don abin da aka ce kilo biyu ne sau da yawa ba shi ba ne.

Kana sauka, ka riƙa taɓa maɓallin ƙirji mai hura wa rigar iska kaɗan kaɗan, iya abin da zai sassauta matsi. Daidaita kai a ruwa kuwa aikin falmaran ne. Akwai malaman da ke koyar da yin komai da riga, ni dai ba na barin sabon shiga ya yi haka. Ka kwanta miƙe, kafaɗu sama da ƙafafu kaɗan. In iska ta gudu ƙafa ta juya ka kai ƙasa, naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ka wuntsula, ka ɗaga kafaɗar hagu nan take. Ka maimaita wannan a wurin iyo har ya zama jiki, haka ma cire tiyon ƙirji mai kawo iska daga tulu da hannu ɗaya idan maɓallin ya maƙale.

Wajen tasowa, bawul a buɗe, kafaɗar hagu sama, ka saki iska tun kafin ka ji tana ɗaga ka, kada ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti. Ka fito, hura falmaran. Wanke rigar, ka ajiye ta a inuwa, don rana tana cinye robar wuya da ta hannu.