Karayar Wuyan Hannu a Jikin Babba: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Kula da Ita

Duk lokacin da ƙafar mutum ta zame, hannunsa ne ke riga shi isa ƙasa, domin jiki da kansa yake miƙa shi don ya kare fuska da kai. Nauyin mutum gaba ɗaya sai ya sauka a kan tafin hannu, ya wuce zuwa sangalin hannu, inda ƙasusuwa biyu suke kwance gefe da gefe. Wanda yake ɓangaren babban yatsa, wato radiyos a bakin likitoci, shi ne ya fi karyewa, kuma galibi yakan karye ne kamar santimita 2 zuwa 3 kafin gaɓar wuyan hannu. A ƙididdigar da likitocin ƙashi suka saba kawowa, wannan karaya ita kaɗai tana kai wa kusan kashi ɗaya cikin shida na karayar da ake gani a sashen gaggawa.

Mutane iri biyu ta fi kamawa. Akwai samari majiya ƙarfi, waɗanda sai an yi mummunar faɗuwa daga kan babur, ko daga saman gini, ko a filin ƙwallo, kafin ƙashinsu ya karye. Akwai kuma matan da suka haura shekara 50, waɗanda al'adarsu ta ɗauke, ƙashinsu ya fara zaizayewa ta ciki, har santsin banɗaki kaɗai ya isa ya karya su. Lissafin da aka yi a Amurka ya nuna cewa a cikin fararen matan da suka kai shekara 50, kusan ɗaya cikin shida za ta sami wannan karaya a sauran rayuwarta, alhali a maza adadin bai kai uku cikin ɗari ba. Yawanta kuma yana sauyawa da zamani. A birnin Malmo na ƙasar Suwidin, inda aka daɗe ana adana bayanan hoton ƙashi, an kwatanta shekarun 1953 zuwa 1957 da na 1980 zuwa 1981, aka tarar karayar ta kusa ninkawa biyu, ko da an kwatanta tsara da tsara. Ga shi kuma mutane suna ƙara tsawon rai a kusan ko'ina, saboda haka masu rauni a ƙashi ƙaruwa suke yi.

Abu na farko shi ne a daina yanke hukuncin cewa targaɗe ne don kawai mutum yana iya motsa yatsunsa. Mutane da yawa suna motsa yatsu da karyayyen wuyan hannu. Alamomin da za a duba su ne zafi mai tsanani a daidai ƙashin idan an taɓa, da kumburin da ke tasowa cikin ɗan lokaci, da kasa riƙe ko da kofin shayi, da kuma karkacewar hannun. Wani likitan tiyata a birnin Dublin, Abraham Colles, ya siffanta wannan karkacewa tun 1814, shekara 81 kafin a gano hoton ƙashi a 1895, kuma har yau da sunansa ake kiran irin karayar da ƙarshen ƙashin ke turawa bayan hannu, wuyan hannu ya lanƙwashe kamar cokali mai yatsu. Sai dai akwai wadda ba ta karkata hannu sam. A cikin ƙananan ƙasusuwa takwas na wuyan hannu akwai ɗaya mai suna sikafoyid, wanda yake ƙarƙashin ɗan ramin nan da ke bayyana a gindin babban yatsa idan an ɗaga shi. In an danna ramin mutum ya zabura, a ɗauka ya karye ko da hoton farko bai nuna komai ba, a ɗaure hannun, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya isa wannan ƙashi sosai, kuma idan aka yi sakaci da shi yana iya ƙin haɗewa, ya bar mutum da ciwon gaɓa na shekaru.

Kafin a tafi asibiti, a cire zobe da awarwaro da agogo nan take, domin da zarar kumburi ya taso sai an yanke su. Kada a ja hannun, kada kuma a murza shi ko a yi ƙoƙarin mayar da shi daidai. A samo abu mai ɗan tauri, kamar kwali ko jaridar da aka naɗe, a shimfiɗa masa tsumma mai laushi, a ɗora hannun a kai daga tafi zuwa kusa da gwiwar hannu, a ɗaure sako-sako yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashin ɗaurin, sa'an nan a rataye shi a wuya da ɗankwali ko mayafi, tafin ya ɗara gwiwar hannu tsawo. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 tana rage kumburi, farasitamol kuma yana rage zafi. Idan fata ta yage har ana ganin ƙashi, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, kada a zuba toka ko man shafawa ko garin magani, a garzaya asibiti, kuma mai raunin ya dakata da ci da sha domin mai yiwuwa a shiga da shi tiyata.

A nan ne maganar masu ɗori take shigowa, tun da a garuruwanmu su ake fara tunawa. Ba za a musa cewa suna kusa da jama'a kuma kuɗinsu da sauƙi ba, amma mai ɗori ba ya ganin cikin gaɓa, kuma karayar wuyan hannu sau da yawa takan ratsa har cikin gaɓar. Mafi muni shi ne ɗaurin karare da ake tamkewa a kan hannun da bai gama kumbura ba, wanda ke toshe jini har nama ya mutu. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa kan hannaye da ƙafafun da ake yankewa ta wannan hanya. A ganina, hoton ƙashi kafin kowa ya taɓa hannun wajibi ne, ko a babban asibitin gari, ko a asibitin ƙashi irin na Dala a Kano.

Abin da hoton ya nuna shi ke yanke magani. Idan ƙashin bai goce ba, filasta, wadda wasu ke kira siminti, ta wadatar, kuma a jikin babba takan ɗauki kamar mako 6. Idan ya goce, za a kashe zafin wurin da allura, a ja shi a mayar, a sa rabin filasta da ke ba kumburi wuri, a sake hoto bayan mako ɗaya ko biyu, domin ƙashi yakan sake zamewa idan kumburi ya saɓe. Wannan komawar ita ce mutane suka fi tsallakewa da zarar zafi ya lafa, alhali bayan mako uku ƙashi ya fara kamawa a karkace, gyaransa kuma sai da babbar tiyata. Karayar da ta farfashe ko ta ƙi zama ita ake sa wa wayoyin ƙarfe ko farantin ƙarfe da kusoshi.

Cikin makonnin filasta, a riƙa ɗaga hannun a kan matashi lokacin barci, a riƙa dunƙule yatsu ana buɗewa sau da yawa a rana, a kuma motsa kafaɗa da gwiwar hannu, domin a jikin dattawa kafaɗa kan sandare tun kafin ƙashi ya warke. Kada ruwa ya jiƙa filasta. A rufe ta da leda wajen wanka, wajen alwala kuwa malaman fiƙihu sun halatta shafa a kan ɗaurin karaya. Kada a zura tsinke ciki don ƙaiƙayi. Mai shan taba ya ajiye ta, domin tana jinkirta haɗewar ƙashi. Idan zafi yana ƙaruwa duk da magani, ko yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko babban yatsa da biyun da ke biye da shi suka yi dindiris, a koma asibiti a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne.

Bayan an cire filasta hannu zai fito siriri kuma a sandare, wannan ba abin tsoro ba ne. Gashin ƙashi da atisayen da aka koya wa mutum su ke dawo da shi, aikin ƙarfi yakan jira kamar wata 3, cikakken ƙarfin riƙo kuwa yana iya ɗaukar shekara.

Saura wanda ya haura 50 kuma ya karye daga faɗuwar da ba ta wuce tsawonsa ba. Irin wannan karaya sau da yawa ita ce alamar farko ta zaizayar ƙashi, kuma takan zo shekaru kafin karayar ƙugu, wadda ke kwantar da tsoho. A nemi likita ya duba ƙarfin ƙashin. Inda akwai na'urar awon kaurin ƙashi, sakamakon da ya kai 2.5 ƙasa da sifili shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 1994 don tabbatar da zaizayar ƙashi, kuma akwai magungunan da ke rage haɗarin karaya ta gaba. A faɗa wa likitan duk maganin da ake sha, musamman ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke cinye ƙashi idan an daɗe ana sha. A ƙara nono da kindirmo da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya da zogale a abinci, a riƙa fita rana, a riƙa tafiya a ƙasa kullum, a duba idanu. A cikin gida kuma a sa fitila a hanyar banɗaki, a kafa abin dafawa a bango, a shimfiɗa tabarmar roba a kan tayil, a kuma sauya silifas ɗin da ƙasansu ya cinye tun kafin damina ta sauka.