Yadda ake adana ruwan tsiro da zafinsa a cikin jarka kafin a zuba masa yis

Duk mai dafa giya a gida ya san cewa aikin da ya fi cin rai yakan zo ne bayan an kashe wuta. A lokacin nan tukunya cike take da ruwan tsiro, wato ruwa mai zaƙi da aka tato daga tsiron sha'ir aka tafasa shi tare da furen hof, wanda yake ba giya ɗaci da ƙamshi, kuma ba a isa a zuba masa yis ba sai zafinsa ya sauko daga digiri 100 zuwa wajen digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Hanyar da aka saba bi ita ce a tsoma naɗaɗɗen bututun tagulla a cikin tukunyar, a sakar masa ruwan famfo ya yi ta ratsawa har ya kwashe zafin, abin da yake cin ruwa mai yawan gaske. A ƙasar Ostareliya, inda aka halatta dafa giya a gida tun zamanin gwamnatin Firayim Minista Gough Whitlam a farkon shekarun 1970, dogon farin da aka yi fama da shi a shekarun 2000 ya sa hukumomi suka taƙaita amfani da ruwa a manyan birane, kuma a wannan zamanin ne wata dabara ta bazu a tsakanin masu wannan sana'a. Maimakon a sanyaya ruwan tsiron, sai a juye shi da zafinsa a cikin jarkar roba, a toshe bakinta, a bar shi ya huce da kansa, sannan a zuba masa yis washegari ko bayan makonni.

Dabarar ta dogara ne kacokan a kan zafi. Ruwan da ya haura digiri 80 yana kashe yis na daji da mafi yawan ƙwayoyin cutar da suke maƙale a jikin jarka, kuma idan aka rufe ta ba tare da iska a ciki ba, babu ta inda sababbi za su shiga. Saboda haka kowane mataki da za a bayyana a ƙasa manufarsa ɗaya ce, wato a tabbatar da cewa ruwan ya shiga jarkar da cikakken zafinsa, ya taɓa kowane lungu nata, kuma iska ba ta samu wurin zama ba.

Abu na farko shi ne zaɓen jarka, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin kuskure. Ana buƙatar jarka mai kauri da aka yi domin abinci ko ruwan sha, irin robar da ake kira HDPE, wadda ake gane ta da lamba 2 a cikin alama mai kusurwa uku a gindinta. Wannan robar ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 130, don haka tafasasshen ruwa yana tausasa ta ne kawai. Robar da ke ɗauke da lamba 1, irin ta gorar ruwan sha, tana lanƙwashewa tun kafin zafi ya kai na tafasa, tulun gilashi kuwa yana iya tarwatsewa a hannun mutum da zarar ruwan zafi ya taɓa shi. Jarkar da aka taɓa zuba wa fetur, kananzir ko maganin feshi ba ta da wani amfani a nan ko da an wanke ta sau goma, domin roba tana riƙe abin da ya taɓa shiga jikinta. Girmanta kuma ya dace da yawan abin da aka dafa. Jarkar da aka rubuta wa lita 20 takan ɗauki fiye da haka idan aka cika ta har wuya, musamman da yake zafi yana buɗa ta, saboda haka yana da kyau mutum ya auna tasa da ruwa tun kafin ranar aiki, ya tsara dahuwarsa yadda za ta cika ta. A duba zoben robar da ke cikin murfi. Idan ya tsage ko ya taurare, a canza shi.

A wanke jarkar da ruwan ɗumi da garin wanki mai fitar da iskar oksijin, a girgiza ta sosai, a ɗauraye. Kada a sa soson ƙarfe ko burushi mai tauri, domin kowane ƙarce da aka yi wa roba maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta. Daga nan a zagaya cikinta da maganin tsabtace kayan abinci wanda ba ya buƙatar ɗauraya. Wasu suna ganin zafin kaɗai ya wadatar, amma aikin minti biyu ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi rowarsa ba.

Idan an gama tafasa, wanda yawanci yakan ɗauki minti 60 zuwa 90, sai a kashe wuta, a sa babban cokali mai tsabta a juya ruwan da ƙarfi har ya riƙa kewayawa, a rufe tukunyar a bar ta kamar minti goma. Wannan juyin yana tara dusar hof da guda-gudan furotin a tsakiyar gindin tukunya, ta yadda abin da zai fita ta famfon gefe zai zama garau. Kada jiran ya yi tsawo. Idan ma'aunin zafi ya nuna ruwan yana neman saukowa ƙasa da digiri 80 kafin a fara juyewa, gara a sake kunna wuta a ɗaga shi.

Ana juyewa ne ta tiyon silikon, domin tiyon roba na yau da kullum yana yin laushi ya kuma bar wari a cikin ruwan. A zura tiyon har gindin jarka yadda ruwan zai riƙa tasowa daga ƙasa a hankali ba tare da fantsama ko kumfa ba. A ajiye jarkar a ƙasa, a sa safar hannu mai kauri da rufaffen takalmi, domin ruwa mai sukari yana manne wa fata, ƙunarsa kuma ta fi ta ruwan zalla muni. Idan ta kusa cika, a zare tiyon, a ɗora murfin sama-sama ba tare da an ɗaure ba. Sai a jingina jarkar da bango, a ninka tawul a kan gwiwa, a danna cikinta a hankali. Za a ga ruwan yana hawowa ta wuya, ana jin hucin iska yana fita ta gefen murfi, kuma da zarar ruwan ya leƙo bakin jarkar sai a murɗe murfin tam kafin a ɗaga gwiwa. Wanda ya saki gwiwarsa kafin ya ɗaure murfi ya mayar da iskar da ya fitar.

Akwai wuri guda da ruwan ba ya isa idan jarka tana tsaye, wato cikin mariƙinta da ƙarƙashin murfi, kuma ƙaramar iskar da ta rage a nan take taruwa. Domin haka ake kwantar da jarkar a gefenta na kamar minti goma, sannan a mirgina ta ɗaya gefen, yadda zafin zai ratsa waɗannan wuraren. A nan ne kuma ake gane murfin da ke yoyo. Bayan haka a tayar da ita a inuwa a ƙyale ta. Kada a jefa ta cikin ruwan sanyi da wuri domin a gaggauta hucewa, tunda daɗewar zafin ita ce take yin aikin. Da gari ya waye za a tarar gefunanta sun lotsa ciki kamar an matse ta, domin ruwa yana raguwa da kusan kashi 4 cikin 100 idan ya huce daga tafasa. Wannan lotsawar ita ce shaidar cewa murfin ya kama. A rubuta kwanan wata da irin dahuwar a jikinta, a ajiye ta a wuri mai sanyi da duhu.

Tambayar da kowa yake yi ita ce tsawon lokacin da za a iya ajiye ta. Shagunan kayan dafa giya a Ostareliya suna sayar da ruwan tsiro da aka cika ta wannan hanya, kuma masu yi a gida da dama suna ajiye nasu watanni. Duk da haka akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tafasa ba ta kashe ƙwayayen irin ƙwayar cutar nan mai suna Clostridium botulinum, wadda gubarta take shanye jiki. Masana'antun abincin gwangwani sai sun kai digiri 121 a tukunyar matsi kafin su tabbatar sun gama da su. Ƙwayar tana son wurin da babu iska, kuma tsami ne yake hana ta girma idan ma'aunin pH, wanda lambarsa take raguwa gwargwadon ƙaruwar tsami, ya yi ƙasa da 4.6, alhali ruwan tsiro yana tsayawa ne a wajen 5.0 zuwa 5.4. Sai yis ya yi aikinsa ne ma'aunin pH yake sauka ƙasa da wannan iyaka. A ganina, mai hankali zai zuba yis a cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, idan kuwa dole ne a jinkirta, to a sa jarkar a firiji bayan ta huce. Jarkar da ta kumbura, ko wadda iska ta fito daga cikinta da tsaki da aka buɗe ta, ko ta fitar da wani wari, a zubar da abin da ke cikinta ba tare da an ɗanɗana ba.

Dabarar tana kuma canza ɗanɗano, kuma dole a gyara tsarin dahuwa saboda ita. Sinadarin da ke cikin hof yana ci gaba da rikiɗewa zuwa ɗaci muddin zafi yana sama da wajen digiri 80, kuma a cikin jarka ruwan yakan daɗe a wannan matsayi. Sakamakon haka, hof ɗin da aka zuba a ƙarshen tafasa domin ƙamshi sai ya koma ba da ɗaci, ƙamshin kuma ya ragu. Abin da aka fi yi shi ne a lissafa kamar an ƙara wa kowane zubi minti 15 zuwa 20 na tafasa, a jinkirta shi gwargwadon haka. Wanda aka saba zubawa saura minti 20 a sauke, sai a zuba shi lokacin kashe wuta ko a jefa shi kai tsaye cikin jarka, na ƙamshi zalla kuwa a bar shi sai giyar ta fara tsimuwa a zuba shi a busasshe. Giya mai sauƙin hof ba ta nuna bambanci sosai, amma mai yawan hof sai an gwada sau biyu ko uku kafin a daidaita ta. Matsala ta biyu ita ce wani sinadari da ake kira DMS, mai warin dafaffiyar masara, wanda yake ci gaba da samuwa a ruwa mai zafi, kuma a rufaffiyar jarka ba shi da hanyar fita da tururi. Farin tsiro irin wanda ake yin nau'in giyar da ake kira filsina da shi ne ya fi haifar da shi, maganinsa kuwa a tafasa da ƙarfi na minti 90 da tukunya a buɗe. Giyar kuma tana iya yin ɗan hazo idan aka sanyaya ta, amma wannan ido ne kawai yake gani.

Ranar zuba yis, a fara duba zafin jarkar. Ba za ta taɓa yin sanyi fiye da ɗakin da take ciki ba, don haka a lokacin zafi sai an sa ta a firiji na wasu sa'o'i kafin ta sauko digiri 18 zuwa 20 da yis na nau'in giyar da ake kira el yake so, ko wajen digiri 10 zuwa 12 idan nau'in da ake kira laga ce. A fesa maganin tsabtacewa a murfi da wuyan jarka kafin a buɗe, a kuma tsabtace bokitin tsimi da duk abin da zai taɓa ruwan. A wannan karon fantsama ake nema, domin tafasa ta kori iskar oksijin da ke cikin ruwan, yis kuwa yana buƙatarta kafin ya hayayyafa. A ɗaga jarkar sama a kwarara ruwan da ƙarfi har kumfa ta taso, a tsaya idan laka ta gindi ta fara biyowa. A ɗebi kaɗan a auna nauyin sukarinsa, a zuba yis, a rufe bokitin. Jarkar kuma a wanke ta nan take tun sukari bai bushe a lungunanta ba, a kife ta ta tsane, a ajiye ta da murfi a kwance.