Daga digirin kimiyyar lafiya zuwa aikin bincike: ta ina ɗan Kano zai fara?

Wanda ya gama digiri a bayokemistiri, fisiyoloji, anatomi ko maikirobayoloji ya fara sanin iyakar takardarsa. A Najeriya, yin gwajin jinin majiyyaci da sa hannu a sakamakonsa aikin wanda ke da rajista da hukumar MLSCN ne, wato hukumar da ke kula da masu aikin gwaje-gwajen asibiti, kamar yadda dokar 2003 ta tanada. Idan ba ta wannan hanya ka biyo ba, kada ka ɓata shekara kana bin asibitoci neman kujerar da doka ba ta ba ka ba. Ƙofar bincike kuwa a buɗe take gare ka, sai dai ba da kwalin digiri ake shiga ba. Shugaban bincike abu biyu yake nema: hannun da zai amince wa samfurinsa, da mutumin da ba ya ɓata bayanai.

Kano tana da wuraren koyo. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, inda Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Bayero take, akwai cibiyar ACEPHAP mai binciken lafiyar al'umma da cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta jami'ar, ga kuma Asibitin Murtala da na yara na Hasiya Bayero inda majiyyata ke da yawa. A Kano aka gudanar da binciken hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda aka kwatanta miligiram 10 da miligiram 20 na maganin hydroxyurea ga kowane kilo na nauyin yaro. Irin wannan aiki ba likitoci kaɗai ke yin sa ba. Yana buƙatar mai karɓar amincewar iyaye, mai sarrafa jini, mai shigar da bayanai da mai bin sawun yaran da ba su dawo asibiti ba. Ta waɗannan guraben ake farawa.

Ga yadda ake neman malami. Shiga PubMed, rumbun maƙalolin binciken lafiya a intanet, ka rubuta Kano tare da sunan cutar da ta dame ka, sikila ce, mashaƙo ne, tarin fuka ko zazzaɓin cizon sauro, ka duba sunayen da ke maimaituwa a shekara uku da suka wuce. Karanta maƙaloli biyu na mutum ɗaya tun daga fari har ƙarshe, musamman sashen da ya bayyana yadda aka yi aikin. Sannan ka rubuta masa gajeren saƙo, ko ka same shi a ofis: “Ranka ya daɗe, na karanta aikinku kan kaza, na iya kaza, ina da kwana uku a mako na wata shida.” Saƙon “a taimaka min da kowane irin aiki” ba ya samun amsa, domin ka ɗora wa mai aiki nauyin nemo maka amfani. Idan ba ka tafi bautar ƙasa ba tukuna, nemi takardar buƙata daga sashen da kake so tun kafin ka fito sansani.

Kafin a bar ka ka taɓa kowa, sai ka nuna shaidar horo kan ɗa'ar bincike. Shafukan TRREE da Global Health Training Centre suna ba da darussan a intanet kyauta, har da na GCP, wato ƙa'idar gudanar da gwajin magani a kan mutane. A Kano wannan ba cika sharaɗi ba ne kawai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara kusan 200 a nan garin, yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko iyaye sun san abin da suka amince da shi, har aka yi sulhu a 2009. Mutane ba su manta ba, kuma duk mai shiga unguwa da sirinji yana ɗauke da wannan tarihi. Saboda haka takardar amincewa a fassara ta da Hausa, wani daban ya mayar da ita Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce. Wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa, ya dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ya cikin ma'aikatan binciken. A gaishe da mai unguwa, a sanar da maigida, amma amincewar matar aure daga bakinta take fitowa. Kuma ba a ɗaukar ko ɗigon jini sai kwamitin ɗa'a na asibitin ko na ma'aikatar lafiya ta jiha ya ba da izini a rubuce.

A ɗakin gwaji, yawancin ɓarna ba ta ilimi ba ce, ta sakaci ce da yanayin gari. Jinin da za a ciro DNA daga cikinsa a zuba shi a kwalba mai murfi shunayya mai ɗauke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, a juya ta a hankali sau takwas zuwa goma. Mai koren murfi tana da heparin, shi kuma yana hana gwajin PCR, wanda ke ninka DNA don a iya gano shi, tafiya, sai ka kwana uku kana zargin na'ura. Girgiza kwalba, ko barin ta cikin mota a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, yana farfasa ƙwayoyin jini, ruwan ya yi ja, ma'aunin potassium ya tashi ba gaira ba dalili. Ruwan jinin da za a ajiye a raba shi ƙananan kwalabe, kamar rabin mililita kowace, domin narkewa da sake daskarewa sau da yawa na lalata sinadaran da ake nema. Ajiyar ɗan lokaci firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili ta isa, ta dogon zango da ta RNA, ɗan'uwan DNA mai saurin lalacewa, sai mai 80 ƙasa da sifili. Tun da wuta ba ta da tabbas, liƙa takarda a jikin firiza, ka rubuta ma'aunin sanyinta safe da yamma, ka kuma san wa ke riƙe da makullin janareto ranar Asabar. Lambar samfur da alƙalamin da ba ya gogewa ake rubuta ta, sunan majiyyaci kuwa ba ya hawa kwalba.

Gwada fifet ɗinka, wato abin ɗiban ruwa a ma'auni, da kanka: ɗebi maikirolita 1000 na tataccen ruwa ka ɗora a sikeli mai kyau, ya kamata ya ba ka kusan giram ɗaya. Maimaita sau goma. Idan lambobin suna tsalle, ko hannunka ne ko fifet ɗin, kuma gara ka gano kafin ka ƙarar da sinadarin da aka sayo da dala. Mai duba zazzaɓin cizon sauro kuma ya kula da ruwan haɗa Giemsa, rinin da ake sa wa jini a kan gilashi, ma'aunin tsaminsa (pH) 7.2 ne, in ya kauce launi ya rikice. Da hunturu a rufe gilasan da ake shanyawa, ƙura tana kama da ƙwayar cuta a idon sabon shiga.

Fannin bayanai shi ya fi saurin kai mutum ga albashi, kuma 'yar'uwar da zaman dare a ɗakin gwaji bai yi mata ba tana iya yin nisa a nan. Koyi tsara tambayoyi a manhajar KoboToolbox ko REDCap, sannan manhajar nazarin alƙaluma irin R, wanda kyauta ne, ko Stata. Ka fahimci inda sanannen adadin nan 384, na yawan mutanen da ake ɗauka a bincike, ya fito: hasashen kashi 50 cikin ɗari, kuskuren kashi 5, tabbacin kashi 95. Lissafi ne na auna yawan abu a cikin jama'a, bai dace da kwatanta rukuni biyu ba, amma ɗalibai da yawa kan kwafe shi a kowane irin aiki.

Digiri na biyu ya zo bayan ka san tambayar da kake son amsawa, ka kuma zaɓi mai duba aikinka kafin ka zaɓi sashe. Tambayi ɗalibansa na baya shekara nawa suka yi, kuma ko sunansu ya fito a maƙala. Bayan Jami'ar Bayero, duba cibiyoyin bincike irin su WACCBIP a Jami'ar Ghana, ACEGID a Ede ta jihar Osun, da cibiyar MRC ta Gambiya, ka riƙa bin sanarwarsu. Buɗe lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike, tun yanzu, kyauta ce. Mujallar da ta aiko maka saƙo ba ka nema ba, ta ce za ta buga aikinka cikin mako ɗaya in ka biya kuɗi, ka duba sunanta a PubMed ko DOAJ, jerin mujallun da aka tantance, kafin ka tura mata komai. Masu ba da tallafi sun san irin waɗannan mujallu, kuma aikin da ya shiga cikinsu ba ya sake buguwa a wani wuri.